Robar Gida Kafin Ta Kai Bola: Tsarin Tattara Robobi a Kano da Abin da Unguwar Abdulkafi ta Sabha Za Ta Iya Ɗauka

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake tattara tsofaffin robobi daga gidaje domin a sake sarrafa su. Ta ɗauki Kano a matsayin garin da sana'ar ta kafu da ƙafarta, sannan ta auna abin da zai yiwu a Abdulkafi, ɗaya daga cikin unguwannin Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya. Hujjar maƙalar ita ce a cikin gida ake yanke wa roba daraja. Wadda aka ware da tsabtarta kafin ta haɗu da sauran shara kayan sayarwa ce, wadda kuwa ta kwana a bola ta riga ta zubar da kaso mai yawa na kuɗinta, ta kuma jefa mai tsintarta cikin haɗari. Maƙalar ta kawo misalai daga Legas da Alƙahira da Kaduna da Tinduf, ta rufe da shawarwari.

Gabatarwa

Hanyar da ta haɗa Kano da Fezzan tsohuwa ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ta Murzuk a 1850, ya iso Kano a farkon 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna tafiya arewa har Gat da Murzuk da Tarabulus. Fataken Gadamas da na Tarabulus sun zauna a cikin birnin Kano, sunan unguwar Dandalin Turawa ma daga gare su ya samo asali. A yau motoci ne ke bin sawun raƙuma daga Agadas zuwa Dirku, su ƙetara iyaka su bi ta Gatrun su sauka a Sabha, kuma cikin fasinjojinsu akwai dubban masu jin Hausa daga Nijar da Najeriya da ke zuwa neman aiki a gonaki da wuraren gini da kasuwanni.

Kayan da suka cika gidajen garuruwan biyu sun canza. Inda a da ake da tulu da salka da ƙwarya da gora ta duma, yanzu jarka ce da bokiti da baho da gorar roba. Ƙwarya idan ta fashe a kan ɗinke ta, idan ta gaji ta ruɓe ta koma ƙasa. Roba ba ta ruɓewa. Binciken da Roland Geyer da Jenna Jambeck da Kara Lavender Law suka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa zuwa 2015 duniya ta ƙera roba tan biliyan 8.3, daga ciki tan biliyan 6.3 ya zama shara. Kashi 9 cikin 100 kacal na sharar aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran kashi 79 yana jibge a bola ko warwatse a ƙasa da ruwa. Tattaunawar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a Nairobi a Maris 2022 domin samar da yarjejeniya kan gurɓatar roba ta watse ba tare da matsaya ba a Busan a Disamba 2024, ta sake watsewa a Janiba a Agusta 2025. Kafin manya su daidaita, robar tana ci gaba da fitowa daga ɗakin girki kowace safiya.

Roba Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Duk wanda ya juya gindin gora ko bokiti zai iya ganin lamba a cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Masana'antun Amurka suka fito da wannan tsari a 1988. Lamba 1 ita ce PET, robar gorar ruwa da lemo. Lamba 2, HDPE, ita ce ta jarka da gorar man shafawa. Lamba 3, PVC, ta bututun ruwa ce da rigar wayar lantarki. Lamba 4 ta leda ce, 5 ta bokiti da kujera da buhun shinkafa, 6 ta farin mazubin abinci mai kama da soso, 7 kuma tarkacen sauran.

Kowace tana narkewa a nata zafin, shi ya sa ba a haɗa su a tukunya ɗaya. Ɗan guntun PVC idan ya faɗa cikin niƙaƙƙen PET yana iya ɓata buhu guda, ya sa shi ya yi baƙi ya yi rauni. Masu injin wanki suna cin moriyar bambancin nauyi: idan aka niƙa gora da murfinta aka zuba a ruwa, ɓarɓashin gorar yakan nutse, na murfin ya taso. Amma injin ba zai iya cire manja da ya jiƙa leda ba, ko ruwan kwata da ya kwana a cikin gora, sai da ruwa mai yawa da sinadari, kuma mai saye yana cire wannan kuɗin daga farashin da zai biya mai tsinta.

Akwai kuma matsalar nauyi. Babbar gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi ba ta wuce giram 30 ko kusa da haka ba. Sai an tara fiye da talatin kafin a samu kilo guda, fiye da dubu talatin kafin a samu tan. Mota takan cika maƙil da goruna alhali iska ce mafi yawan abin da ta ɗauko. Injin matsewa, wanda ke dunƙule goruna su zama dami, yana rage girman kayan kusan ninki goma. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin duk abin da za a faɗa a kan Sabha.

Kano: Daga Juji Zuwa Sikeli

Kafin zuwan roba, sharar Kano tana da kasuwa. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigowa da itace su koma ɗauke da taki. Toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida su ne suka riƙe gonakin kewayen Kano suna ba da amfani shekara da shekaru ba hutu. Juji dukiya ne a wancan lokaci. Shigowar baƙar leda, da ledar fiya wata da ta yaɗu daga shekarun 1990, ita ta gurɓata wannan taki, har manomi ya koma tsince leda kafin ya watsa shi a gona.

A gurbin tsohuwar kasuwar wata ta taso, wadda Kanawa ke kira jari bola, masu yinta kuma 'yan gwangwan. Tana da matakai kamar kowace sana'a. A ƙasa akwai yara da matasa masu buhu a kafaɗa, da yawansu almajirai ko 'yan ci-rani, suna tone bola da bakin kwata. Sama da su akwai masu tura baro ko kura suna kewaya lunguna suna kira, su sayi fasasshen bokiti da tsinkakken silifa da tsohuwar tukunya, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci a yi musaya da sabon baho ko kofi. Waɗannan sukan karɓi jari da safe daga wurin ubangida mai sikeli, da yamma su dawo a auna a yi lissafi. Ubangidan yana ware kayan iri-iri da launi-launi, ya sayar wa masu injin niƙa. Niƙaƙƙen kayan yana shiga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Dakata da Challawa, ya fito a matsayin buta da bokiti da silifa da leda. Ɓarɓashin gorar ruwa kuwa yakan yi tafiya zuwa Legas, inda ake mayar da shi zaren cusa filo da katifa, ko a fitar da shi ƙasashen waje.

Gora mai lafiya ma ba ta kaiwa injin da wuri. Masu zoɓo da kunun aya da fura da man gyaɗa suna sayenta ɗai-ɗai, kuma kuɗinta a haka ya fi na kilo. A nan ne bambancin gida da bola ya fi fitowa fili. Gorar da uwargida ta ɗauraye ta ajiye a buhu an san inda ta fito. Wadda aka tsamo daga kwata ko bayan asibiti, aka wanke sama-sama aka ɗura kunu, hanya ce ta cuta.

Hukumar kwashe shara ta jihar, REMASAB, wadda aka kafa a 2003, aikinta kwashewa ne da zubarwa, tare da tsabtar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Rabe-raben shara 'yan gwangwan ne ke yinsa, ba da albashi ba, ba safar hannu, ba takalmin kariya. Suna kuma fama da zargi, domin ɓata-gari sun sha fakewa da sana'ar suna sace murfin kwata da wayar lantarki. Gwamnatin Borno ta haramta sana'ar tsintar ƙarafa a 2023 saboda dalilan tsaro, hukumar birnin Abuja kuma ta hana masu tsinta yawo a cikin gari a Janairu 2025, ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Irin wannan hani yana kore ɓarawo da mai gaskiya tare, robar kuma ta zauna a inda take.

Abin da Kano ta nuna shi ne kasuwa tana nan, masu saye suna nan, ƙwarewar tantance roba da ido da taɓi tana nan. Rauninta shi ne yawancin kayan sai sun faɗa bola ake bin su.

Matan Gida da Ƙofar Zaure

Duk tsarin da ya manta da matan aure ba zai yi nisa ba a ƙasar Hausa. Polly Hill ta rubuta a 1969 game da ɓoyayyen cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, Enid Schildkrout kuma ta nuna a shekarun 1970 yadda yara a Kano suke zama ƙafafun wannan ciniki. Mai baro namiji ne, iyakarsa zaure. Wadda ta san gora nawa aka shanye da jarkar da ta tsage tana ciki. Yaro ne ke fito da kayan ya koma da kuɗin, kuɗin kuma yakan shiga asusu ko adashi. Inda mace ta san cewa buhun gorunanta zai kawo kuɗin cefane ko zubin mako, ba sai an yi mata wa'azin muhalli ba.

Misalai Daga Wasu Wurare

A Legas, Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa Wecyclers a 2012. Ma'aikata na zuwa gida-gida da kekuna masu ɗaukar kaya a ranar da aka sani, su auna robar, a turo wa mai gida maki ta saƙon waya, daga baya ya canza makin da kuɗi ko kayan masarufi. Abin da ya riƙe tsarin shi ne tsayayyar rana da sikelin da mai gida ke gani da idonsa.

A Alƙahira, masu kwasar shara na unguwar Manshiyat Nasir da ake kira Zabbalin sun shafe shekaru da dama suna karɓar shara daga ƙofa zuwa ƙofa, suna rabe ta a gidajensu, har ana ƙiyasta cewa suna amfana da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso. Waɗanda suka fara wannan aiki a birnin tun farkon ƙarni na ashirin mutanen dausayoyin hamadar yammacin Masar ne, ana kiransu Wahiya. Lokacin da hukuma ta ba kamfanonin waje kwangila a 2003, aka ajiye manyan mazubai a titi maimakon zuwa ƙofa, mazauna da yawa sun ci gaba da neman tsofaffin masu kwasarsu.

A Sabon Yelwa kusa da Kaduna, ƙungiyar DARE ta gina gida a 2011 da gorunan roba da aka ɗura wa yashi aka jera da laka. A sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Tinduf a Aljeriya, wani injiniya ɗan sansanin, Tateh Lehbib, ya gina wa kakarsa irin wannan ɗaki, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyin gina wasu 25. Yashi da gora su ne abubuwa biyu da Fezzan ba ta rasa ba.

Sabha da Unguwar Abdulkafi

Sabha ta bambanta da Kano ta fuskoki uku, kuma kowace tana ƙara wa tattarawa daga gida muhimmanci.

Ta farko nisa. Masana'antun Kano suna bayan gari, baro ma yana iya kai musu kaya. Daga Sabha zuwa Tarabulus ko Misrata, inda masana'antu da tashoshin jiragen ruwa suke, tafiyar fiye da kilomita 700 ce a mota. Man fetur a Libiya yana cikin mafi araha a duniya a farashin gwamnati, amma mutanen kudu sun daɗe suna sayensa a bayan fage da tsada. Gorar da ba a matse ba ba za ta biya kuɗin motarta ba. Sai dai manyan motocin da ke kawo kaya daga gaɓar teku suna da hanyar komawa, kuma damin roba kaya ne da ba ya lalacewa a hanya.

Ta biyu yanayi. Ranar Sahara tana cin roba: gorar da ta yi makonni a fili takan yi rawaya ta yi gautsi, farashinta ya faɗi. Iskar hamada da ake kira gibli tana kwashe leda ta rataye ta a dabino da shingen gonaki, ta kai ta makiyaya. Wani bincike da aka buga a 2021, bisa gawarwakin da ɗakin gwajin dabbobi na Dubai ya duba, ya nuna cewa cikin raƙuma kusan 30,000 an samu kimanin 300 da dunƙulen leda da igiya a cikinsu, wani dunƙulen ya haura kilo 60. Mahauta a Kano da Maraɗi sun san irin wannan dunƙule a tumbin akuya da saniya. Ruwan sama kuwa, duk da ƙarancinsa, idan ya zo yakan zo da ƙarfi, kamar yadda ya mamaye titunan Sabha a Satumba 2024, kuma magudanar da leda ta toshe ba ta da amfani a irin wannan rana.

Ta uku halin da masu aikin suke ciki. Tun bayan 2011 aikin kwashe shara a biranen Libiya yake tafiya yana tsayawa. A 2019 faɗa ya tare hanyar babbar bolar Sidi Sayih, shara ta taru a titunan Tarabulus, mutane suka koma ƙona ta, alhali hayaƙin PVC yana ɗauke da guba mai cutar da huhu. Dokar kare muhalli mai lamba 15 ta 2003 tana nan, dokar ƙananan hukumomi mai lamba 59 ta 2012 ta ba baladiya, wato hukumar gari, hurumin hidimomin gari. Amma waɗanda ke tsintar roba da ƙarfe a biranen ƙasar galibi baƙi ne daga kudancin Sahara, kuma doka mai lamba 19 ta 2010 ta tanadi hukunci ga wanda ya shiga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Mutumin da ke tsoron kamu ba zai ƙwanƙwasa ƙofar gida da rana tsaka ba. Zai jira shara ta fito titi, ya tona da sassafe ko da dare, ya sayar a duk farashin da aka yanka masa.

A ɗauki misali domin a ga girman abin. Idan gidaje 500 a Abdulkafi suka ajiye manyan goruna huɗu kowace rana, a wata za a tara goruna 60,000, wato kusan tan biyu. Wannan bai haɗa da jarkoki da fasassun kujeru ba, bai haɗa da na ranakun biki da zaman makoki da buɗa-bakin azumi ba, lokacin da ake raba ƙananan gorunan ruwa katan-katan. Unguwa ɗaya ba za ta cika tirela a wata ba. Idan aka haɗa ta da unguwannin Gurda da Mahdiya da Manshiya, injin matsewa guda ya samu aikin yi.

Shawarwari

Maƙalar tana ba da shawarar a fara da aunawa. Ɗaliban Jami'ar Sabha za su iya ɗaukar gidaje kaɗan a Abdulkafi su auna robar da ke fita daga cikinsu na wata guda, iri-iri, domin a gina komai a kan adadi na gaskiya.

Sai a ba kowane gida buhu biyu, ɗaya na goruna, ɗaya na roba mai tauri, a roƙi abu uku kawai: a zubar da ragowar abin da ke ciki, a take gorar ta lotse, a ajiye buhun a inuwa. A tsayar da rana ɗaya a mako. A auna a ƙofar gida, a gaban mai kayan ko ɗansa. Tunda ƙarancin takardun kuɗi ya daɗe yana wahalar da mutane a bankunan Libiya, ana iya biya da katin waya, ko a rubuta a littafi a karɓi sabulu da man girki a shagon unguwa, kwatankwacin musayar da masu baro ke yi a Kano. Gidan da ba ya bukatar kuɗin yana iya sadaukar da buhunsa ga masallaci ko makaranta.

Muktarin unguwa, wanda matsayinsa ya yi kama da na mai unguwa a ƙasar Hausa, shi ya dace ya san masu karɓar kayan da sunansu, ya ba su riga da shaida, tare da shugabannin al'ummar Hausawa da sauran baƙi su tsaya musu. Wannan yana kare gidaje daga ɓata-gari, yana kare ma'aikacin daga zargi. A kafa sharaɗin cewa yara ba sa shiga bola, iyakarsu miƙo buhu daga cikin gida. Baladiya kuma ta ba da fili mai rumfa da wutar lantarki inda za a girka injin matsewa, ta yi magana da direbobin da ke komawa arewa.

Kano ma tana da abin gyara a cikin wannan jeri. REMASAB da ƙungiyar dillalan kayan gwangwan za su iya yi wa masu baro rajista unguwa-unguwa, a duba sikelinsu kamar yadda ake duba mudu a kasuwa, a kuma jawo ƙungiyoyin adashin mata su zama wuraren tara kaya.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Kano tana da masana'antu da dillalai da ƙwararrun hannaye, amma tana barin yawancin robarta ta ƙazantu kafin a ɗauka. Sabha tana da nisa da zafin rana da ma'aikatan da ba su da kariya, abubuwan da ke sa jinkiri ya fi tsada a can. Da yawa daga Hausawan da ke sauka a Sabha sun taso suna jin kiran 'yan gwangwan a ƙofar gidajensu, wasunsu ma sun yi sana'ar a Kano ko Zinder ko Maraɗi kafin su hau mota. Gwajin wata shida a Abdulkafi, da gidaje ɗari biyar da sikeli biyu da injin matsewa ɗaya, ya isa ya nuna wa baladiya nawa tan guda yake ci kafin ya isa Misrata, da nawa yake dawowa da shi.